Hoton Baffa a Shafin Hukuma

Ni ɗan Kurfi ne, amma a Dutsin-Ma na yi aure, nan na gina ɗan gidana, nan kuma yarana suka tashi. Aikin ƙaramar hukuma na yi tun ina saurayi, a sashen yaɗa labarai. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya daɗewa wuri ɗaya; ka yi 'yan shekaru a nan, sai a tura ka can. Abin da zan faɗa ya faru ne a ɗaya daga cikin sakatariyoyin da na zauna, kuma ba zan ce ga wadda ce ba, don waɗanda ke cikinta yanzu ba su da hannu a ciki.

Lokacin da na fara aiki, sanarwa tana da hanyarta. Sashen lafiya ko na gona su kawo abin da suke so a faɗa, in rubuta shi da Hausa, Sakatare ya duba ya sa hannu, sannan in shiga motar shela mu bi kasuwanni ina karantawa ta lasifika. In an yi kuskure, an san wanda za a tambaya. Daga baya motar ta lalace, aka jingine ta bayan ofis har tayoyinta suka nutse cikin ƙasa. Muka koma kai sanarwa masallatai da gidajen masu unguwanni.

Ana nan muka samu sabon Ciyaman, mutum mai son a ga aikinsa. Bai daɗe da zama ba ya sa aka kira ni. Ya ce duk ƙananan hukumomin da ke kewaye da mu suna da shafi a soshiyal midiya, mu ne kawai a baya.

"Malam, ba kai ne mai yaɗa labarai ba? Ka buɗe mana yau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wace waya? Ofishinmu ba shi da waya, kwamfutar ma ta daɗe ba ta tashi."

"Wadda ke aljihunka fa? Fara da ita, za a sayo ta ofis."

Haka na buɗe shafin da wayata, da lambata, da sunana a matsayin mai shi. Na sa hoton ƙofar sakatariya, na rubuta sunan ƙaramar hukumar a sama. Wayar ofis ba ta taɓa zuwa ba.

Tun a makon farko na je wurin Sakatare, wanda shi ne babba a kanmu ma'aikata. Na tambaye shi wa zai riƙa duba abin da zan sa kafin ya fita. Ya ɗago daga fayil ɗin da ke gabansa ya ce shi bai san kan abin ba, in yi amfani da hankalina. Na wuce wurin lauyan hukuma, wani mutum mai sanyin magana da ke zuwa ofis jefi-jefi. Ya yi dariya ya ce dokokin aikin da muke bi an rubuta su tun kafin a san wayar hannu. Ya ƙara da cewa a cikinsu ma akwai inda aka hana ma'aikaci yin magana da jama'a da sunan gwamnati sai da izini a rubuce. Na ce to ni ga shi kullum zan riƙa yi. Ya ce, "Ai Ciyaman ne ya sa ka." Na ce da baki ya sa ni. Ya ɗaga kafaɗa.

Na zaci aikin irin na lasifika ne, in faɗa su ji. Ashe a nan su ma suna faɗa. Mutane suka cika shafin da kokensu. Wannan ya ce famfon garinsu ya mutu tun bara, waccan ta ce ta kai ɗiyarta asibitin ƙauye ta tarar da shi a kulle, wani ya ɗauko hoton ajin da rufinsa ya yaye. Duk suna rubutawa ne da "Mai girma Ciyaman," sun ɗauka shi ke karantawa. Ni ke karantawa, a kan tabarma a ƙofar gidana, da datar da na saya. In na kai kuka sashen ayyuka, su ce wa ya aiko ni. In na kai na lafiya, su ce in kawo a rubuce ta hannun Sakatare. Sakatare kuma ya ce maganar waya ba ta shiga fayil. Ba a jima ba na zama mutumin da in ya leƙo ofis ake yin shiru.

Sai kuma zagi. Wasu na zagin Ciyaman da abin da ya yi, wasu da abin da bai yi ba. Ya ce in riƙa gogewa. In na goge, su dawo su ce shafin gwamnati na talakawa ne, wa ya ba ni ikon rufe masu baki. Ni ma ban san wa ya ba ni ba. Akwai ranar da wani kansila ya tsare ni a bakin masallacin sakatariya ya ce in nemo mashi ko wane ne wani mai yawan sukar sa, da unguwarsu. Na ce ban iya ba. Da gaske ban iya ba, kuma na gode wa Allah da haka.

Ganin ina jan ƙafa, Ciyaman ya naɗa wani daga cikin mutanensa na siyasa mai taimaka mashi kan soshiyal midiya. Onarabul muke ce mashi. Magidanci ne mai fara'a, da can sayar da wayoyi yake yi a Katsina. Ba mugu ba ne. In ya shigo ofis sai ya gaisa da kowa har masinja, in ya sayi tsire kowa sai ya ci. Sai dai shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne irinmu. Sakatare ba shi da iko da shi, bai taɓa jin labarin dokar aiki ba, kuma abu ɗaya ya sani: maigidansa ya fito da kyau. Ciyaman ya ce in ba shi lambar sirrin shafin. Na ba shi. Daga ranar muka zama mu biyu a kan shafi ɗaya, ba wanda ke gaba da wani. Ni in kwana ina juya sanarwa ɗaya, shi kafin Ciyaman ya sauko daga mota ya riga ya sa hoto. Jama'a suka ƙaru ƙwarai a shafin, kuma ban musa ba, aikinsa ne.

Wannan duk a shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu ne. Ƙauyukan bakin daji sun fara watsewa. Da safe za ka ga mata da yara da ƙullin kaya a kai suna shigowa Dutsin-Ma, su zauna a gindin bishiya ba su san inda za su nufa ba. Kowa ya san abu ɗaya: mutanen daji sun fi tsanar wanda ya kai labarinsu a kan wanda ya ɗauki bindiga ya yaƙe su. Kuma kowa ya san suna da waya, suna da masu duba masu abin da ake faɗa a gari.

Baffa aminin mahaifina ne. Bafulatani ne, amma Hausa ta fi zama a bakinsa, sai in ransa ya ɓaci Fulatancin ke fitowa. Lokacin da mahaifina ke noma a Birchi, a hannun Baffa 'yan shanunmu suke. Ina yaro in aka kai ni rugarsu, matarsa ke dama mani fura da nonon da aka tatsa da safe. Daga baya ya ƙaura yamma, ya zauna a wani ƙauye kusa da daji, ya haɗa noma da kiwo. Dogo ne, ya fi kowa tsawo a duk taron da ya shiga, da farin gemu da wani tabo a goshi inda saniya ta taɓa tunkuyinsa. Wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mance shi. Bayan rasuwar mahaifina bai yanke zumunci ba. Duk kaka sai ya aiko mani da gero da man shanu.

Wata ranar aiki, ana gab da girbin gero, na iso sakatariya na gan shi zaune a kan benci tare da wasu dattawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce dagacinsu ne ya taho da su, Ciyaman na son jin halin da ake ciki daga bakin mutanen wurin. Na ja shi gefe na ce, "Baffa, ka yi hattara da abin da za ka faɗa."

Ya ce, "Ɗana, in kowa ya yi shiru, wa za shi faɗa? An ce mana maganar cikin ɗaki ce."

An kira ni cikin taron don in rubuta abin da aka tattauna. Kafin Baffa ya fara bayani ya dubi Ciyaman ya ce yana roƙon arziki, abin da zai faɗa ya tsaya a nan. Ciyaman ya dafa ƙirji ya ce amana ce. Sai Baffa ya faɗi hanyar da ake bi da shanun sata, da mashigin rafin da suke tsallakawa, da yadda wasu samarin yankinsu ke kai wa mutanen daji man fetur da burodi. Bai kama sunan kowa ba, amma ya faɗi abin da ya isa. Sauran dattawan suna ta gyaɗa kai.

Da aka shafa fatiha, Onarabul ya miƙe ya ce a fito a yi hoto. Na matsa kusa da Ciyaman na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan taron ba na hoto ba ne." Ya ce don tarihi ne kawai, ajiyewa za a yi. Dattawan suka jeru a bakin ofis, don babba ya ce a jeru. Baffa na daga gefe, ya ɗara kowa.

Bayan la'asar ina gida na buɗe waya. Hoton ne farkon abin da na gani. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa Mai girma Ciyaman ya gana da dattawa masu kishin ƙasa, waɗanda ke taimaka wa gwamnati da muhimman bayanai a kan 'yan bindiga. Na goge shi nan take.

Ko ruwa ban sha ba Onarabul ya kira.

"Malam, kai ka cire aikina?"

"Ni ne. Ka san abin da ka rubuta kuwa? Mutanen nan a bakin daji suke kwana."

"Haba Malam, yabonsu fa na yi. Kuma Oga ya gani, ya ce ya yi kyau. Manya a Katsina na son su ga ana aiki a kan tsaro."

"Don girman Allah kada ka mayar."

Ya ce shi ba a ƙarƙashina yake ba, ya kashe waya. Kafin in sa takalmi ya mayar da hoton. Na kira Ciyaman, ya riga ya kama hanyar Katsina, ba ya ɗauka. Na hau babur na tafi gidan Sakatare na same shi yana alwala. Ya saurare ni har na gama, fuskarsa ta canza, na ga ya gane. Amma ya ce shi ba zai iya ba mutumin Ciyaman umarni ba, kuma bai san a wace doka zai tsaya ya ce a cire ba. Ya ce in bari sai gobe a zauna.

A ƙofar gidansa na sake gogewa. Sai dai kafin nan mutane sun riga sun yi sharhi a ƙasa, kuma na karanta wasu. Ba zagi ba ne. Wani ya rubuta, "Wancan dogon mai farin gemu ai mun san shi, mutumin kirki ne," ya faɗi sunan ƙauyensu. Wani ya ce Allah ya saka mashi, da irinsu za a gama da ɓarayi. Kafin magariba na ga hoton a guruf ɗin unguwarmu, na gan shi a na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, wani ma ya zagaye kan Baffa da jan layi don a gane wanda ake yabo. Waɗannan ba ni da hanyar goge su.

Baffa ƙaramar waya gare shi, mai tocila, ba ta nuna hoto. Na kira shi na faɗa mashi. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To." Da safe na ɗauki babur na tafi ƙauyen. Na same shi a gona shi da babban ɗansa, wanda muka yi wasan ƙasa tare, suna duba zangarniyar gero. Na nuna masu hoton. Baffa bai iya boko ba, ɗan ne ya karanta mashi rubutun a hankali, kalma bayan kalma. Da ya gama ya miƙo mani wayar bai dube ni ba.

Na ce, "Baffa, ka zo mu tafi Dutsin-Ma. Ɗakin zaurena babu kowa."

Ya ce, "In bar geron ga wa? Shanun fa?"

Ɗan ya ce, "Baba, kai suka gani, ba ni ba. Ka tahi. In na yanke geron na kai rumbu, sai in kora shanun in biyo ka."

Sun daɗe suna ja, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Daga ƙarshe Baffa ya shiga gida ya ɗauko buta da bargo da sandarsa, ya hau bayan babur ɗina. Tsohuwar matarsa da surukarsa, matar ɗan, da jikoki suka tsaya bakin danga suna kallonmu.

Ya zauna a zaurena. Mutum ne da bai saba zama ba, sai ya riƙa fita da sassafe ya zagaya unguwa ya dawo, ya tsaya yana kallon awakin maƙwabta. Matata ta yi ta ƙoƙari da fura, yana sha don kada ta ji kunya. Kullum da yamma ɗan ya kira ya ce lafiya lau, an yanke gonar gabas, saura ta bakin rafi. Har na fara cewa a raina wataƙila abin ya wuce.

Wata rana bayan azahar, muna zaune da shi a zaure, wayarsa ta yi ƙara. Wani maƙwabcinsu ne. Ina jin muryar mutumin daga inda nake, yana magana yana haki. Ya ce mutanen daji sun zo da hantsi a kan babura, kai tsaye gonar bakin rafi suka nufa. Suka tambayi ina dogon tsohon nan mai kai rahoto. Ɗan ya ce ya yi tafiya. Suka ce to shi ya tsaya a madadinsa. A nan cikin karan gero suka harbe shi, suka kora shanun duka. Ba su taɓa kowa ba a ƙauyen, kuma sun bar saƙo cewa kowa ya ga abin da ke samun mai dogon baki.

Baffa ya ajiye wayar a kan tabarma. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya maimaita, sannan ya miƙe ya ɗauki sandarsa zai fita. Na riƙe shi. Maƙwabtana suka shigo suka taya ni. Dagacin ma ya kira ya ce kada a kuskura a bar shi ya zo, ana jin suna nan kusa suna jira. Haka aka yi wa ɗansa sutura aka binne shi, uban na zaune a zauren wani a garin da ba nasa ba. A ƙofar gidana muka shimfiɗa tabarmi ya karɓi gaisuwa. Yawancin masu zuwa ba su san mamacin ba. Washegari aka kawo tsohuwar da surukar da yara a bayan motar ɗaukar kaya.

Ciyaman ya zo ta'aziyya da tawagarsa. Ya zauna kusa da Baffa, ya yi addu'a, ya ce gwamnati ba za ta bar abin haka ba. Suna cikin shafa addu'ar na hango Onarabul ya zaro waya ya ɗaga ta. Ban ce ya yi da gangan ba, hannunsa ne ya saba. Ɗan ƙanen Baffa, wani malamin firamare da ya zo daga Kurfi, ya kama hannun ya murɗe har wayar ta faɗi ƙasa. Ciyaman ya miƙe ya yi sallama. Bayan kwana biyu Onarabul ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa gaban Baffa yana kuka, yana rantsuwa bai yi nufin sharri ba. Baffa ya ce ya ji.

Malamin nan ne ya dage sai an nemi hakki. Ya samo wani lauya a Katsina, muka tafi mu uku a motar haya. Lauyan ya karɓe mu da mutunci, ya ji labarin duka, ya ce mu ba shi lokaci ya tuntuɓi ƙaramar hukumar. Da muka koma, ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tsantsa saboda Baffa. Ya ce akwai dokokin da suka hana a yi wasa da hoton mutum da bayaninsa ta yadda zai cutu, amma sai an nuna wa ya yi. Ƙaramar hukuma ta amsa mashi cewa majalisarta ba ta taɓa zama ta amince da buɗe wani shafi ba, don haka ba ta san da shi ba. Takardar naɗin Onarabul ba ta ambaci shafi ba, kuma tun da mutum biyu ke shiga da lambar sirri ɗaya, zai iya cewa ba shi ya sa ba. Kamfanin da ke da dandalin yana wata ƙasa, ba mai amsa mana. Waɗanda suka yi kisan ba a kama su ba, balle su ce hoton ne ya kai su.

Malamin ya ce, "To yanzu ba wanda za a kama ke nan?"

Lauyan ya ce, "Akwai mutum ɗaya da hujja ta tsaya a kansa sosai. Wanda aka buɗe shafin da sunansa da lambarsa."

Bai dube ni ba, amma kowa ya gane. Malamin ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga mashi hannu. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Wanga ne ya zo har gona ya ɗauko ni," in ji shi. "In shari'arku shi ta gani, ku bar ta. Mu tahi gida."

A mota malamin ya yi ta faɗa, yana cewa ko ba don a ci nasara ba, a yi don a ji. Ban ga laifinsa ba. Har yau gaisuwarmu da shi ba ta wuce ta hanya.

A ofis kuwa an kafa kwamiti. Aka ba ni takardar tuhuma a kan cewa na goge sanarwar Mai girma Ciyaman har sau biyu ba tare da izini ba. Na amsa cewa ga shi an faɗa wa lauya shafin ba na hukuma ba ne, ta yaya abin da ke cikinsa ya zama sanarwar hukuma. Shugaban kwamitin ya ce wannan wata magana ce daban, ba ita aka ba su ba. Aka cire ni daga yaɗa labarai aka kai ni sito, wurin ajiye tsofaffin kujeru da buhunan alli. Aka kuma fitar da sanarwa cewa daga yau ba ma'aikacin da zai sa wani abu na hukuma a waya sai da izinin Sakatare. Sanarwar ba ta shafi Onarabul ba, tun da shi ba ma'aikaci ba ne. Ya ci gaba da aikinsa, sai dai na lura bai ƙara sa hoton taron tsaro ba.

Da wa'adin Ciyaman ya ƙare, Onarabul ya canza lambar sirrin, ya cire ni, ya sauya sunan shafin zuwa na neman wata kujera da maigidansa ke hari. Dubban mutanen da suka taru saboda sunan hukuma suka koma nasu. Ba wanda ya tambaye shi, don a takarda ba abin da ya ɗauka. Mutanen ƙauye da yawa ba su lura da canjin ba. Na sha leƙawa in ga wata ta rubuta a ƙarƙashin hoton kamfe cewa asibitinsu ba magani, wani ya ce an ga babura a bayan garinsu, a taimaka. Ba mai amsawa.

Sabon Ciyaman da ya zo ya sa aka nemo ni daga sito, an ce mashi na san aikin. Ya ce in buɗe sabon shafi. Na ce zan yi, in majalisa ta zauna ta amince, aka sayi wayar ofis, aka rubuta wa ke da ikon sawa da cirewa, da irin taron da ba a ɗaukar hoto. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, shafi fa na ce, ba tsarin mulki ba." Kafin a tashi aiki ya ba wani nasa, ya buɗe da wayarsa. Na koma sito har na yi ritaya.

Baffa bai koma ƙauyen ba. Geron da ɗansa ya yanke ya ruɓe a gona, ba wanda ya yarda ya je ɗauka. Mun samar masu ɗaki a wani kango a bayan gari. Wani mai lambu a bakin madatsar ruwan Zobe ya ɗauke shi gadi, yana korar dabbobi daga albasa da tumatir a lokacin rani. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin garke, yanzu shanun wasu yake kora in sun zo shan ruwa. Surukar tana soya awara a bakin titi, da shi ake ciyar da yaran.

Akwai lokacin da aka zo rajistar 'yan gudun hijira don rabon hatsi. Na je na ɗauko shi, muka bi layi tun safe a harabar wata makaranta. Da aka zo kansa, ma'aikaciyar ta tambayi sunansa da garinsu ya faɗa, sannan ta ɗaga waya ta ce ya tsaya daidai ya dubi nan. Baffa ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Ta ce ba a ba da kati sai da hoto, haka tsarin yake. Na roƙe ta, ta ce ba daga ita ba ne, na'urar ce ba ta wucewa gaba in babu. Na juya ga Baffa na ce wannan ba a sawa ko'ina, ajiyewa kawai ake yi. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya fita daga layin. Ba a sa su cikin rabon ba.

Tsohuwarsa ta rasu a damina ta gaba. Shi yana nan da ransa, idonsa ya fara raunana, amma yana zuwa lambun. Nakan je in gan shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in kai mashi goro, mu zauna a bukkarsa muna kallon masunta na janyo koma daga ruwa. Yakan tambaye ni labarin yarana ɗaya bayan ɗaya, da farashin shanu a kasuwa, duk da ba shi da ko ɗaya. Babban jikansa ya fara tasawa, dogo ne kamar kakan. Baffa ya ce in na samu hanya in sa shi koyon gyaran injin ban ruwa a cikin gari, don ba ya son ya taɓa komawa yamma. Na yi magana da wani bakanike a Dutsin-Ma, ya ce a kawo shi bayan salla.